Abin Hawan Da Ya Ƙi Gyaruwa: Asarar Wa Ce?

Rimin Gado tana yamma da birnin Kano, kamar tafiyar kilomita 20 bisa hanyar Gwarzo. Ƙasa ce ta manoma, gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye, har da wuya a ga filin da garma ba ta taɓa shiga ba. Ƙidayar shekarar 2006 ta sami mutum fiye da 100,000 a cikin wannan ƙaramar hukuma. A zamanin kakanni jaki shi ne motar talaka. Shi ke kai itace da hatsi birni, shi ke komowa da taki a mangala domin gonar baɗi. Yau babur da a-daidaita-sahu da ƙananan motocin kaya sun karɓi galibin wannan aiki. Su ke kai amfanin gona kasuwa, su ke kai yara makaranta, su ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Amma fa abin hawa ba ya zuwa gidan talaka da sauƙi. Wani sai ya sayar da san noma, wani ya haɗa kuɗin gyaɗa na shekara biyu, wani ya ci bashi, wani kuwa matarsa ta sa masa kuɗin adashenta. Saboda haka in an ga sabon babur a ƙofar gida, ba dukiyar mutum ɗaya a ke kallo ba, guminsu ne su duka.

To, a ɗauka mutum ya sayi irin wannan abin hawa, bai yi mako biyu ba sai ya fara ba da wahala. Inji ya yi zafi, ko giya ta riƙa zamewa, ko ya riƙa shan baƙin mai kamar ruwa. Aka kai wa makaniki, ya gyara. Bayan kwana uku ciwon ya komo. Aka sake kaiwa, aka sake gyarawa, ya sake komowa. Kuɗi na fita, aiki ya tsaya, masu bin bashi suna sallama. Mai saye ya koma wurin mai sayarwa, shi kuwa ya ce, ai ciniki ya faɗa, an yi sallama, kowa ya kama gabansa. Tambayar da ke nan ita ce, wa ya kamata ya ɗauki wannan asara? Tambaya ce ta shari'a, kuma tambaya ce ta hali, gama amsarta ita ke nuna irin amanar da ke tsakanin mutanen gari.

Aibi iri uku ne

Kafin a yanke wa kowa laifi, wajibi ne a rarrabe aibi, domin ba duka ne hukuncinsu ɗaya ba.

Na fari shi ne aibin da ke a fili, wanda ido ke gani, ko wanda mai sayarwa ya faɗa da bakinsa. In mutum ya ga taya ta cinye, aka kuma gaya masa batir ya mutu, ya saya a kan haka da rangwame, to, ba shi da bakin kuka. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na biyu shi ne aibin da ya auku a hannun mai saye, saboda ganganci ko rashin kula. Wanda ya labta wa babur buhu huɗu na masara, ko ya yi wata uku bai juye baƙin mai ba, ko ya faɗa rami da gudu, shi ya jawo wa kansa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Na uku shi ne aibin da ke ɓoye tun ranar ciniki, ba a gan shi ba, ba a faɗe shi ba, kuma da mai saye ya san da shi, da bai saya ba, ko da bai biya wannan kuɗi ba. Wannan na ukun shi ne abin magana a nan. Shi ma kashi biyu ne. Akwai wanda mai sayarwa ya sani ya rufe, kamar mai zuba wa inji baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara, ko mai juya agogon tafiya baya don tsohuwar mota ta zama yarinya. Akwai kuma wanda shi kansa mai sayarwa bai sani ba, watau kamar sabon babur da ya fito daga masana'anta da lahani a cikin cikinsa.

Kashi na fari ba shi da wuyar hukunci. Algus ne, kuma babu addini ko doka ko al'adar da ta yarda da shi. Wuyar magana tana ga kashi na biyu, inda mutum biyu ke tsaye, kowannensu ba shi da mugun nufi, ga kuwa asara a tsakaninsu dole wani ya ɗauka.

Hujjar mai sayarwa

Adalci ne a saurari mai sayarwa tukuna. Zai ce shi bai ƙera babur ba, a kwali aka kawo masa, yadda ya karɓa haka ya bayar. Zai ce ribarsa kaɗan ce, in ya mai da kuɗin babur ɗaya ya cinye ribar goma. Zai ce kuma bai san abin da mai saye ya yi da abin ba bayan ya bar shago, ko wane makaniki ya sa masa hannu. Daga ƙarshe zai ce in kowane ciniki ana iya warware shi bayan wata biyu, to, babu ɗan kasuwar da zai kwana da kwanciyar rai, gama kuɗin da ke aljihunsa bai tabbata nasa ba.

Wannan magana ba banza ba ce. Kasuwa ba ta tafiya sai ciniki yana da ƙarshe. Tsofaffin alƙalan Ingila ma sun daɗe a kan ƙa'idar cewa mai saye shi zai buɗe idonsa. Malaman fiƙihu na Malikiyya kuwa sun ambaci wasu kaya waɗanda ba a sanin cikinsu sai an fasa, kamar itacen da ƙwaro ya ci ta ciki, suka ce irin waɗannan ba a mai da su sai in an yi sharaɗi, tun da ya ke mai saye da mai sayarwa duk a duhu ɗaya su ke.

Hujjar mai saye

Amma mai saye shi ma yana da tasa. Zai ce shi ba ƙarfe ya je saye ba, tafiya ya je saye. Kuɗin da ya bayar lafiyayyu ne, babu na jabu a ciki, don haka abin da za a ba shi ma ya kamata ya zama lafiyayye. In aka ba shi abin da ba ya tafiya, to, ba a ba shi abin da ya biya ba, ko da kuwa fenti na walƙiya.

Har wa yau akwai bambanci babba tsakanin jaki da inji. Manomin Gulu ko na Butu-Butu ya san jaki kamar yadda mai sayarwa ya san shi. Zai buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya shafa bayansa ya nemi miki, ya kora shi ya ga ko yana ɗingishi. Ilminsu ɗaya. Amma ba zai iya buɗe inji a bakin shago ya dubi fistin da ringi ba. Sanin inji yana wurin wanda ya ƙera, da wanda ya shigo da shi, da wanda ke sayar da irinsa kullum. Ƙa'idar cewa mai saye ya buɗe ido ta dace da kasuwar da ido ke iya gani. Inda ido ba ya kaiwa, cewa mutum ya buɗe ido daidai ya ke da a ce masa ya yi cinikin biri a sama.

Ga kuma hujja ta uku, wadda ta fi sauran nauyi. In mai shago ya karɓi babur mai lahani, yana da hanyar mai da shi ga babban dila, shi kuma ya mai da shi ga kamfani, har asarar ta koma inda lahanin ya fito. Ko da hanyar ta toshe, mai sayar da ɗari yana iya raba asarar ɗaya a kan ɗari, ba ta karya shi ba. Manomi kuwa ba shi da wanda zai mai da wa, ba shi da ɗari, ɗayan nan ke gare shi. In kaya ya zama dole a ɗauka, hankali ya ce a ɗora wa wanda ya fi iya ɗauka, wanda kuma ya fi ikon hana aukuwar abin gobe. Wannan ba cewa mai sayarwa mugu ne ba. Cewa ne shi ke tsaye a bakin ƙofar da lahanin ya shigo.

Abin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Littattafan da almajirai ke karantawa a zaure, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan da Muhtasar na Halil, sun yi babi a kanta tun ƙarnuka da yawa kafin a ƙera mota. Ga taƙaicen abin da suka shimfiɗa. Wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi wanda ke rage daraja, yana da zaɓi, ko ya riƙe abin yadda ya ke, ko ya mai da shi ya karɓi kuɗinsa. Wannan zaɓi yana nan ko mai sayarwa ya san da aibin ko bai sani ba. In kuwa wani sabon lahani ya auku a hannun mai saye kafin ya gane tsohon, to, yana iya riƙewa a biya shi gwargwadon abin da tsohon aibin ya rage, ko ya mayar ya biya gwargwadon sabon.

Sun kuma bambanta mai ɓoyewa da wanda bai sani ba. In mai sayarwa ya ɓoye aibi, abin kuma ya halaka ta dalilin wannan aibin, kuɗi duka zai mayar. Game da mai cewa ya sayar ba ruwansa da duk abin da aka gani daga baya, Malikiyya sun ƙuntata wannan sharaɗi ƙwarai, kuma ba ya tsare mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru.

Akwai misali sananne cikin hadisi game da dabbar tatsa. Wasu su kan bar tunkiya ko raƙuma kwanaki ba a tatsa ba, don hantsa ta cika mai saye ya yi zaton mai nono ce. Aka ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa ya gane gaskiya, ko ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. Mai hankali zai ga hikima biyu a nan. Ta fari, an yarda cewa akwai aibin da ba ya bayyana sai an yi aiki da abu kwana da kwanaki. Ta biyu, ba a bar mai saye ya ci banza ba. Wanda ya zuba wa tsohon inji mai mai kauri, da wanda ya ƙi tatsar tunkiya, sana'arsu ɗaya, zamani ne kawai ya raba su.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Dokar sayar da kaya ta Ingila ta shekarar 1893 ta shigo Nijeriya tare da mulkin Turawa, jihohi da dama kuma suka yi nasu bisa tsarinta. Ko ita ma ta rage ƙarfin tsohuwar ƙa'idar nan, gama ta ce in an sayi kaya ta hanyar siffantawa a wurin mai sana'ar sayar da irinsu, to, dole su zama masu ingancin da a ke iya sayarwa, sai dai aibin da mai saye ya duba kaya kuma ya kamata dubawar ta nuna masa.

A shekarar 1992 gwamnatin tarayya ta yi dokar kafa majalisar kare masu saye. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka ta gasar kasuwanci da kare masu saye, wadda ta maye gurbin waccan, ta kafa hukumar da a ke kira FCCPC. Abubuwa huɗu na cikinta ya kamata kowane mai abin hawa ya riƙe.

Na ɗaya, sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, masu aiki sosai, marasa lahani, waɗanda za su jure har wani lokaci mai ma'ana. Na biyu, sashe na 132 ya ce cikin wata uku daga ranar da aka miƙa kaya, in ba su cika wannan siffa ba, mai saye yana iya mai da su ba tare da tara ba, ɗawainiyar mayarwa tana kan mai sayarwa, shi kuwa sai ya gyara, ko ya musanya, ko ya mai da kuɗi. Na uku, dokar ta hana a sa sharaɗin da zai tauye wa mai saye haƙƙin da ta ba shi. Saboda haka rubutun nan da a kan gani a ƙasan rasit, cewa kayan da suka fita ba su komowa, ba ya kashe haƙƙi. Na huɗu, sashe na 145 ya ce in an yi ƙarar cewa kaya suna da lahani, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar. Wannan na ƙarshe babban abu ne ga talaka, gama shi ba shi da injiniyan da zai tsaya masa.

Sai dai a lura, wannan doka an yi ta ne domin masu sana'ar saye da sayarwa. In maƙwabci ya sayar wa maƙwabcinsa tsohon babur ɗinsa, maganarsu ta fi komawa ga abin da suka yi alkawari, da hukuncin aibi da algus da aka ambata a baya.

Wanda aka zalunta kuwa yana da ƙofofi. Ya fara komawa ga mai sayarwa da shaidu. In bai ji ba, akwai shugabannin kasuwa, da dagaci da hakimi, da Hukumar Hisba wadda Jihar Kano ta kafa a 2003, duk su kan yi sulhu. Akwai hukumar kare masu saye ta Jihar Kano, akwai ta tarayya, sa'an nan akwai kotu.

Gyara har yaushe?

Mai sayarwa na kirki ya kan ce, kawo a gyara. Wannan daidai ne, kuma ya kamata a ba shi dama, domin ba kowane ciwo ne ajali ba, sau da yawa filogi ne ko wata waya. Amma in aka gyara ciwo ya komo, aka sake ya komo, sai gyara ya zama wata hanyar cinye lokaci. Kowace rana da babur ya kwana a gareji, an ɗauke ta ne daga bakin iyalin mai shi. Wani mai wayo ma ya kan yi ta jan mutum da gyara har wata uku su wuce, sa'an nan ya ce lokaci ya ƙure. To, ina iyakar haƙuri?

Wasu ƙasashe sun sa wa abin adadi. A Amurka, inda a ke kiran irin wannan mota lemon tsami, jihar Konetikat ta fara yin doka a 1982, cewa in an gwada gyaran aibi ɗaya na sabuwar mota sau huɗu bai gyaru ba, ko ta yi kwana 30 a wurin gyara, to, kamfani ya musanya ko ya biya. Sauran jihohin ƙasar suka bi sawu, kowace da adadinta. A Afirka ta Kudu dokar 2008 ta ba mai saye wata shida, kuma shi ke zaɓa tsakanin gyara da musanya da kuɗi. In aka gyara, aibin ya komo cikin wata uku, babu sauran gyara, sai musanya ko kuɗi. A Ingila dokar 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar kai tsaye. Bayan haka mai sayarwa yana da damar gyara sau ɗaya, in bai yi ba mai saye ya mayar, amma in mota ce ana iya rage wani abu saboda hawan da ya yi.

Adadin ya sha bamban, amma manufa ɗaya ce. Alkawarin ciniki shi ne abin hawa mai tafiya, ba abin hawan da a ke kan gyarawa ba. Ranar da ta tabbata cewa gyara ba ya kai wa ga cika alkawari, to, ranar nan haƙƙin gyara ya ƙare, abin da ya rage shi ne a mai da kowa inda ya ke kafin ciniki. Mutanen kasuwa ba sai sun jira an rubuta musu adadi ba. Mai saye da mai sayarwa suna iya rubuta nasu ranar ciniki, a ce in aibi kaza ya komo bayan gyara biyu, za a musanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haƙƙin da ke kan mai saye

Wanda ke neman adalci dole shi ma ya zo da hannu mai tsabta. Abu na fari, ya yi magana da wuri. Malamai sun ce wanda ya ga aibin dabba ya ci gaba da hawanta ba da larura ba, ya nuna ya yarda ke nan, sai fa matafiyin da ba shi da yadda zai yi. Haka wanda ya ji inji na ƙara ya ci gaba da lodi har ya buga, ya raunana hujjarsa da hannunsa.

Na biyu, kada ya kai abin wurin makanikai barkatai, wannan ya kwance, wancan ya ɗaure, har a rasa gane ciwon asali da ciwon gyara. In akwai takardar garanti, ya karanta ta, ya kai inda ta ce. Na uku, ya faɗi gaskiya. In ya faɗi da babur ɗin, ya ce ya faɗi. Mai saye da ya ɗora wa mai shago lahanin da shi ya jawo, shi ma algus ya yi, kuma yana ɓata wa masu gaskiya hanya. Na huɗu, in aka mai da masa kuɗi bayan ya mori abin wata da watanni, kada ya ga zalunci in masu sulhu suka ce a rage wani abu saboda abin da ya tsufa a hannunsa.

A nan ne karatu ke nuna amfaninsa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara yana da makamin da kakansa ba shi da shi. Ya karɓi rasit mai suna da kwanan wata da lambar inji da ta shasi. Ya sa a rubuta duk abin da mai sayarwa ko dillali ya faɗa, ko sabo ne ko na hannu, ko an taɓa sauke inji. Ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da abin ya lalace, da abin da aka gyara, da kuɗin da aka kashe, da kwanan da ya yi a gareji. Baki ya kan manta, ya kan kuma musa, amma takarda ba ta yi. A gaban alƙali, shafi ɗaya na irin wannan littafi ya fi dogon bayani.

Haƙuri da kunya

Saura wani abu wanda ya fi doka ƙarfi a karkara, shi ne kunya. Sau da yawa mai sayarwa ɗan gari ne, ko suruki, ko abokin sahu a masallaci. Mutane su kan taru a kan wanda aka cuta, su ce ya yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara, kada ya ɓata zumunci saboda ƙarfe. Shi kuwa sai ya haɗiye, ya koma gida ya kwanta da baƙin ciki.

Haƙuri abu ne mai daraja, kuma wanda ya yafe haƙƙinsa da yardar ransa ya yi abin yabo. Amma yafewa sai mai iko. Wanda aka rufe wa baki da kunya bai yafe ba, an ƙwace masa ne da lalama. Abin mamaki kuma, masu ba da haƙuri kullum wurin wanda aka cuta su ke zuwa, ba su zuwa wurin wanda kuɗin ke hannunsa su ce ya ji tsoron Allah ya mayar. In zumunci ne abin tsarewa, ai mai da haƙƙi shi ya fi tsare shi, gama zumuncin da aka gina bisa ƙullin zuciya ba ya daɗewa. Ƙaddara kuwa gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa kowa nauyin da ke kansa ba. Barawo ma da ƙaddara ya ke shiga gida, duk da haka ana kama shi.

Kuma shirun mutum ɗaya ba shi kaɗai ya ke cuta ba. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya bayyana wannan a 1970 da misalin kasuwar motocin hannu, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 2001. A misali, a ce mota mai lafiya ta cancanci 100, mai ɓoyayyen ciwo kuwa 40. In mai saye ba shi da hanyar bambanta su, kuma ya san in ya saya babu mayarwa, ba zai taya fiye da 70 ba. Mai mota lafiyayya ba zai sallama a 70 ba, sai ya janye tasa. Mai marar lafiya kuwa da murna zai karɓa. Sannu a hankali sai kasuwa ta cika da rubabbu, farashi ya ƙara faɗuwa, masu gaskiya su gudu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Saboda haka haƙƙin mayarwa ba gaba ba ne da 'yan kasuwa. Shi ne garkuwar ɗan kasuwa mai amana, domin shi kaɗai ke iya cewa, in ka ga aibi komo da shi, kuma wannan kalma ita ke sa a biya shi cikakken kuɗin kayansa.

Akwai kuma rai. Riga mai aibi kunya kawai za ta ba mai ita, amma birkin da ba ya kamawa yana iya kashe mai shi, da fasinja, da yaron da ke tsallaka titi. Mafi munin abin da wanda aka cuta zai yi shi ne ya wanke abin, ya yi masa kwaskwarima, ya kai wata kasuwa ya sayar wa wani da bai sani ba. Ta haka ciwo ɗaya ke yawo hannu biyar, kowa ya cuci na gaba da shi, har ya ƙare a kan wanda ya fi kowa rauni. Wanda aka zalunta ba a ba shi izinin zaluntar wani ba. In ya ga dole ya sayar, ya faɗi aibin, ya karɓi abin da ya samu.

Amsar tambayar ke nan. Aibin da aka gani aka yarda na mai saye ne, haka wanda ya jawo da hannunsa. Aibin da ke ɓoye tun ranar ciniki kuwa na wajen da ya fito ne. Mai sayarwa ya gyara in yana gyaruwa, in ya ƙi gyaruwa ya musanya ko ya mai da kuɗi, sa'an nan shi ma ya bi nasa haƙƙin wurin wanda ya ba shi. Fiƙihu da dokar ƙasa da hankali duk sun haɗu a kan wannan. Abin da ya rage shi ne mutanen Rimin Gado da sauran garuruwa su san haƙƙinsu, su rubuta cinikinsu, dattawa kuma su riƙa kai nasiharsu ƙofar wanda kuɗin ke hannunsa. Allah ya sa a dace, amin.